Daga Filin Ƙanƙara Zuwa Ɗakin Zane: Labarin Toller Cranston

Masu iya magana sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Galibi kuwa haka abin yake, domin duk wanda ya raba hankalinsa tsakanin sana'a biyu, da wuya ya kai ƙoli a ko ɗaya daga cikinsu. Amma a ƙasar Kanada an yi wani mutum mai suna Toller Cranston wanda ya cusa taura biyu a baki tun yana yaro, bai kuwa tofar da ta farko ba sai da ƙafafunsa suka gaji. Ta farkon ita ce wasan zamiya a kan ƙanƙara, wanda ya kai shi ga samun lambar tagulla a wasannin Olamfik na 1976. Ta biyun kuwa ita ce zane da fenti, sana'ar da ta ciyar da shi tun kafin duniya ta san sunansa, ta kuma riƙe shi har ranar da ya cika a ƙasar Meksiko cikin watan Janairu na 2015, yana da shekara 65.

Ɗan wasa tun yana saurayi yake tsufa. Sa'ad da tsararrakinsa suke fara kafuwa a wuraren ayyukansu, shi kuwa lokacin ne ake masa ban kwana, tafi ya lafa, jama'a su mai da ido ga wani sabon yaro. Da yawa daga cikin gwanaye a nan suke ruɗewa, su rasa inda za su sa kansu. Cranston ya bar gasa yana da shekara 27 ko kusa da haka, ya kuma rayu kusan shekara 39 bayan nan. Abin da ya yi da waɗannan shekaru shi ne ainihin labarinsa.

Yadda wasan yake

Ya kamata mai karatu ya fara sanin irin wasan da ake magana a kai. A ƙasashen da sanyi ke daskarar da ruwa, tun zamanin da can mutane sukan ɗaura ƙashi ko ƙarfe a ƙasan takalmi su riƙa zamewa a kan tafkuna da koguna. Daga baya aka mai da abin wasa, aka gina manyan zauruka masu injin sanyaya daɓe, a malala ruwa ya daskare ya zama fili sumul kamar madubi. Filin da ake gasar Olamfik a kai tsawonsa mita 60 ne, faɗinsa mita 30. Ɗan wasa yakan sa takalmi mai dogon wuya, a ƙarƙashinsa an kafa wani ƙarfe mai kama da wuƙa, kaurinsa wajen milimita 4. A bisa wannan siririn ƙarfe zai sheƙa gaba da baya, ya daka tsalle ya juya sau biyu ko sau uku a sama ya dira da ƙafa ɗaya, ya tsaya wuri guda yana juyi kamar katantanwa, duka kuwa daidai da kiɗan da ya zaɓa.

A zamanin Cranston alƙalai tara ne ke zama a manyan gasa, kowannensu ya ɗaga makinsa, maki mafi girma shi ne 6.0. Akwai kuma wata doka mai tsanani: duk mai son shiga gasa ba shi da izinin karɓar ko kwabo a kan wasansa. Ga shi kuwa wasan mai cin kuɗi ne, ga hayar fili, ga ladan mai koyarwa, ga takalma da tufafi, ga kuɗin tafiye-tafiye. Wanda iyayensa ba su da hali sai ya nemi wata hanyar. Hanyar Cranston ita ce buroshi.

Yaron Kirkland Lake

An haife shi a birnin Hamilton na lardin Ontario ran 20 ga watan Afrilu, 1949, amma a Kirkland Lake ya tashi, wani garin masu haƙar zinariya a arewacin lardin, inda hunturu ke da tsawo da tsanani. Yana da shekara 7 ya fara sa takalmin ƙanƙara, zane kuwa tun yana ɗan ƙarami hannunsa ya faɗa a kai. Da ya kai shekara 11 iyayensa suka ƙaura zuwa wata unguwa a bayan birnin Montreal. Yana matashi wani ciwon gwiwa ya kama shi, har aka ce masa ya yi sallama da ƙanƙara. Ya yi mako takwas cikin filasta, aka cire, ya koma fili, ya kuma ci gasar yara ta ƙasar Kanada a 1964.

Bayan ya gama sakandare sai ya shiga makarantar koyon zane ta Montreal. A shekararsa ta uku zaman ya ishe shi, wani malaminsa kuma ya nuna masa cewa babu sauran abin da zai ƙaru da shi a wurin. Ya fita ya fara sayar da zanensa. A fagen ƙanƙara kuwa al'amura sun tsaya masa cik, domin bai sami shiga ayarin Kanada da ya je Olamfik na 1968 a Grenoble ta Faransa ba.

A wannan hali ne ya haɗu da Ellen Burka, matar da ta sauya masa rayuwa. Ita Bayahudiya ce haifaffiyar birnin Amsterdam, ta tsira daga sansanonin 'yan Nazi a Yaƙin Duniya na Biyu, ta zama zakarar ƙasar Holan a wannan wasa, sa'an nan ta yi ƙaura zuwa Toronto ta zama mai koyarwa. A hannunta 'yarta Petra ta ci gasar duniya a 1965. Burka ta ga abu biyu a jikin saurayin: baiwa mai yawa da rashin horo. Ta matsa masa lamba a kan horon, baiwar kuwa ta sakar mata mara. Ta ba shi ɗaki a ƙasan gidanta inda ya zauna shekaru da dama yana zane, a gidan nata ne ma aka fara baje kolin zane-zanensa. Kuɗin da ya samu daga masu saye su ne ya riƙa biyan bukatun wasa da su. Watau tun farko taura ta biyu ce take ɗauke da ta farko.

Mai zane da zane ya kayar

Daga 1971 zuwa 1976 babu wanda ya ƙwace masa zakarancin Kanada, sau shida a jere. Amma ba yawan nasara ne ya sa sunansa ya zagaya Turai da Amurka ba, salonsa ne. Kafin zuwansa, namiji a kan ƙanƙara yakan riƙe jikinsa a miƙe, hannuwa a ware daidai ƙugu, fuska a ɗaure, kamar soja a fareti. Lanƙwasa jiki da wasa da hannu an bar wa mata. Cranston ya yi watsi da wannan. Yakan ɗaga hannu sama da kai, ya gantsare, ya karkace, ya jefa ƙafa ɗaya gefe yana juyi a tsugune kamar wadda ta karye, ya yi tsalle ya ware ƙafafu a sama har yatsun su wuce ƙugunsa. Yakan shiga cikin kiɗan gaba ɗaya, kamar yadda ya yi da kiɗan wasan opera na Pagliacci, labarin ɗan kama mai sa mutane dariya alhali zuciyarsa tana ƙuna. 'Yan kallo suka haukace a kansa. Wasu alƙalai kuwa suka ga abin ya yi yawa.

To, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. A wancan zamani gasa ba rawa da tsalle kaɗai ba ce. Akwai wani sashe da ake fara yi, ba kiɗa, ba tafi, sau da yawa ma kusan ba 'yan kallo. Za a ba ɗan wasa wani yanki na sabuwar ƙanƙara wadda ba a taka ba, ya tsaya da ƙafa ɗaya ya zana da'ira biyu ko uku masu kama da lamba 8 da bakin ƙarfen takalminsa, sa'an nan ya sake bin sawun nan sau da sau ba tare da ya kauce ba. In ya gama sai alƙalai su tako kan ƙanƙarar, su sunkuya, wani har ya durƙusa, suna duban ko da'irar ta yi daidai, ko layi ya hau kan layi. Wannan zanen dole shi ne asalin wasan, kuma makinsa mai yawa ne: kashi 60 cikin 100 har zuwa 1968, daga nan ya koma 50, aka rage shi zuwa 40 a 1973, sa'an nan 30 a kakar 1976.

Abin mamaki, mutumin nan da hannunsa ke zana fuskar mutum da gashin tsuntsu ba kuskure, a wannan zane na ƙafa ake barinsa a baya. Aiki ne na haƙuri da bin sawu, shi kuwa ba a halicce shi don bin sawu ba, ko da sawun nasa ne. A gasar duniya ta 1972 a Calgary shi ya zo na ɗaya a sashen wasa da kiɗa, amma da aka haɗa maki sai ya tashi na biyar. A ta 1974 a birnin Munich na Jamus ya sake zama na ɗaya a wannan sashe, ya ƙare da tagulla a bayan Jan Hoffmann na Jamus ta Gabas da Sergei Volkov na Tarayyar Sobiyet. A Olamfik na 1976 a Innsbruck ta Ostiriya ya fara da matsayi na bakwai a zanen dole, ya zo na ɗaya a gajeren wasa, na biyu a dogo, ya sami tagulla. John Curry na Birtaniya, wanda shi ma ya kawo salon rawar bale cikin wasan, shi ya ɗauki zinariya, Vladimir Kovalev na Sobiyet ya ɗauki azurfa. Cranston ya bar gasa a wannan shekara bai taɓa zama zakaran duniya ba. Hukumar wasan ta duniya ba ta soke zanen dole ba sai a 1990, bayan shekara 14 da tafiyarsa.

Dandali da talabijin

Barin gasa ya kwance masa ƙafa ta fuska biyu: yanzu yana iya karɓar kuɗi, kuma babu alƙali mai ɗaga maki. Nan da nan ya haɗa ayarinsa na 'yan wasa, ya shirya wani wasa mai suna The Ice Show, ya zagaya da shi Kanada da Amurka, har ya kai shi gidan wasa na Palace a unguwar Broadway ta birnin New York a 1977. Nufinsa shi ne ya nuna cewa zamiya a kan ƙanƙara tana iya zama fasaha mai zaman kanta kamar wasan kwaikwayo da rawar bale. Kafin nan yawancin wasannin ƙanƙara na kasuwa nishaɗin iyali ne, da 'yan barkwanci da jerin 'yan mata masu ado da gashin jimina. Ɗaukar nauyin ayari abu ne mai wuya, don haka daga baya shi ma ya shiga manyan kamfanonin nan, ya yi yawo a Turai tare da Holiday on Ice, ya kuma yi aiki da Ice Capades. A 1983 ya fito a babban zauren Radio City na New York tare da Peggy Fleming ta Amurka da Robin Cousins na Birtaniya, dukansu biyu masu zinariyar Olamfik.

Inda mai zane da ɗan wasa suka haɗu sosai a jikinsa shi ne talabijin. Gidan rediyo da talabijin na Kanada, watau CBC, ya shirya wasanni na musamman da shi, inda aka mai da filin ƙanƙara tamkar allon zane. Ɗaya daga ciki, Dream Weaver, ya ci babbar kyautar shirye-shiryen nishaɗi ta birnin Montreux a ƙasar Suwizalan a 1980. Wanda ya fi shahara shi ne Strawberry Ice na 1982, wasa na almara da mafarki, wanda aka nuna a ƙasashe 67. Wadda ta tsara tufafin wasan, Frances Dafoe, ita ma tsohuwar 'yar ƙanƙara ce, ta ci gasar duniya ta 'yan biyu-biyu a 1954 da 1955 kafin ta koma sana'ar tsara sutura. Ke nan ba Cranston kaɗai ne ya fita daga wannan wasa ya shiga fasaha ba, sai dai shi ya fi nisa a cikinta.

Duk wannan kai da kawowa bai ajiye buroshi ba. Tsakanin tafiya da tafiya yana zane, yana baje koli, yana kuma rubutu. A 1985 ya fitar da littafin tatsuniyar Nutcracker wanda ya ƙawata da zanen hannunsa.

Shekarun tangal-tangal

Farkon shekarun 1990 sun zo masa da nauyi. Ya daɗe yana yi wa CBC sharhi a kan gasa, shi kuwa mutum ne wanda bakinsa ba shi da linzami, in wasa bai yi kyau ba zai faɗa ko da ɗan ƙasarsu ne ya yi shi. A 1991 aka sallame shi bisa ƙorafin cewa sharhinsa yana ƙasƙantar da 'yan wasan Kanada. Ya kai ƙara, aka kuma warware maganar ta inda ya yi nasara, amma kujerar ta riga ta tafi. A daidai wannan lokaci ya karɓi wani haziƙin ɗan wasan Amurka, Christopher Bowman, don ya horar da shi, har ya saukar da shi a gidansa na Toronto. Bowman yana fama da shaye-shaye, zaman bai yi daɗi ba, ya kuma bar Cranston cikin baƙin ciki mai tsanani, kamar yadda shi da kansa ya bayyana a littafin tarihin rayuwarsa, Zero Tollerance, na 1997. Bayan wannan kuma sai ya karye a ƙafa yana gwajin wani wasa a garin Vail na Amurka.

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Cranston ya sa aka yi gwanjon tarin kayan ado da na tarihi da ya cika gidansa na Toronto da su, ya sayar da gidan, ya nufi kudu. Ya ci gaba da fitowa a wasanni jefi-jefi har zuwa 1997, shekarar da ya rataye takalmin, bai yarda ya kai shekara 50 yana tsalle a gaban jama'a ba.

San Miguel de Allende

Garin da ya zaɓa yana tsakiyar ƙasar Meksiko, a jihar Guanajuato, a kan tudu mai tsawon kusan mita 1,900 daga gaɓar teku. Tsohon gari ne na zamanin mulkin Sifaniyawa, titunansa na duwatsu ne, gidajensa masu launin ja da rawaya, a tsakiyarsa akwai wata majami'a ta jan dutse mai haske da hasumiyoyi masu tsini. An raɗa masa sunan Ignacio Allende, ɗan garin, ɗaya daga cikin jagororin yaƙin neman 'yancin Meksiko. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tsofaffin sojojin Amurka da gwamnatinsu ta ba tallafin karatu suka yi ta zuwa koyon zane a makarantun garin, tun daga nan ya zama matattarar masu fasaha daga ƙasashen waje. A 2008 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

A nan Cranston ya sayi wani babban gida mai katanga da lambu, ya gina ɗakin zane mai yalwar haske. Hali zanen dutse: gidan Meksiko ma bai daɗe ba ya cika maƙil kamar na Toronto, da tukwane da kwanoni na masu sana'ar hannu na ƙasar, da gilasai masu launi, da sassaƙe-sassaƙe, har baƙo ya rasa inda zai ajiye ido. Yakan kashe kuɗi kamar yadda yake samunsu. Amma a cikin wannan hayaniya ta kaya akwai tsari guda da bai saɓa ba, shi ne aiki. Horon da Ellen Burka ta cusa masa a filin ƙanƙara, na fitowa kullum ko ana so ko ba a so, shi ya ɗauko ya kawo ɗakin zane. Yakan duƙufa sa'o'i masu yawa a yini, shekara da shekaru, har ayyukansa suka kai dubbai.

Abin da yake zanawa

Wanda ya taɓa ganin zanen Cranston sau ɗaya zai gane shi ko a ina. Ba ya zana gari ko daji kamar yadda ido ke ganinsu. Duniyarsa ta tatsuniya ce: sarauniyoyi da 'ya'yan sarakuna masu dogayen wuya da manyan idanu, da rawuna da kambuna, da riguna masu aiki tun daga wuya har ƙasa, da furanni da tsuntsaye da 'ya'yan itatuwa, musamman wani jan ɗan itace da ake kira sitiroberi, wanda ya zame masa kamar tambari. Launukansa masu ƙarfi ne, ja da shuɗi da ruwan zinariya, kuma da wuya ya bar wani gefe na ƙyallen babu ado. Ana ganin tasirin adon Rasha da Farisa da sauran ƙasashen Asiya a cikin tufafin mutanensa. Masana sukan sa aikinsa cikin salon da ke gauraya zahiri da almara.

Mai lura zai ga cewa hannu ɗaya ne ya yi wasan ƙanƙarar da zanen. Yadda yake lanƙwasa jikinsa a fili, haka mutanen cikin zanensa suke lanƙwashe, hannuwa a miƙe, riguna suna kaɗawa kamar iska ta ɗebe su. Shi kansa ya sha nuna cewa yana ɗaukar kansa mai zane ne wanda ya iya ƙanƙara, kuma a fili ma zane yake yi da jikinsa. Bambancin da ke tsakani shi ne daɗewa. Dogon wasan gasa na maza minti biyar ne a zamaninsa, da an gama kuma motar gyaran fili da ake kira Zamboni za ta bi ta kankare sawun, ta malala sabon ruwa. Abin da aka shafa a ƙyalle kuwa yana nan bayan an rufe ɗaki an tafi.

Alƙalai na biyu

Sai dai duniyar zane ma tana da alƙalanta, ko da yake ba sa ɗaga maki a gaban jama'a. Su ne masu sharhi a jaridu da masu zaɓar abin da za a rataye a manyan gidajen adana zane na ƙasa. Masu saye sun so aikin Cranston, an baje kolinsa a wurare da dama a Kanada da Amurka da Turai da Meksiko, kuma da zanen ya riƙe kansa har ƙarshen rayuwarsa. Amma manyan masu faɗa a ji na fasahar Kanada ba su rungume shi ba. Sukan da aka yi masa a nan kusan irin na filin ƙanƙara ne: ado ya yi yawa, launi ya yi yawa, ba a san inda zai tsaya ba. Ga kuma sunan da ya riga ya yi a wasa, wanda ya buɗe masa ƙofar masu saye, ya kuma sa wasu suka riƙa kallonsa a matsayin ɗan wasan da ke taɓa zane. Wannan ya dame shi, bai kuwa ɓoye ba.

A fagen wasa dai an biya shi bashin girmamawa. Ƙasarsa ta ba shi lambar Order of Canada. An sa sunansa cikin jerin gwarzayen wasannin Kanada a 1997, aka kafa masa tauraro a titin mashahuran Kanada da ke Toronto a 2003, sa'an nan aka shigar da shi cikin jerin gwarzayen wasan ƙanƙara na duniya a 2004. Ya ƙara rubuta littattafai, ciki har da Ice Cream na 2002, inda ya zaɓo 'yan wasan da ya ga sun fi tasiri a tarihi ya yi sharhi a kansu da irin harshen nan nasa mai kaifi.

Abin da ya bari

An tarar da gawarsa a gidansa na San Miguel cikin watan Janairu na 2015, ana kyautata zaton bugun zuciya ne. Labarin ya iso Kanada ana tsakiyar gasar ƙasa ta wannan shekara a birnin Kingston, gasar da ya ci sau shida, aka tsai da wasa aka yi shiru na ɗan lokaci don tunawa da shi. Ellen Burka tana raye a lokacin, ta rasu a shekarar da ta biyo tana da shekara 95.

Bai yi aure ba, bai bar 'ya'ya ba, bai kuma bar wasiyya ba. Gidan da dubban zane-zane da kayan ado suka zama abin rabo, saɓani ya shiga tsakanin magada, maganar ta yi shekaru a gaban kotu a Ontario. Tarin da ya kwashe fiye da shekara 20 yana haɗawa a Meksiko ya warwatsu hannun masu saye. Mutumin da ya tanadi sana'ar da za ta riƙe shi bayan wasa, bai tanadi takardar da za ta riƙe aikinsa bayan ransa ba.

Duk da haka abu biyu sun tsaya. A filin ƙanƙara, yau ba wanda ke mamaki in namiji ya ɗaga hannu sama da kai, ya gantsare, ya bi kiɗa da dukan jikinsa, har ma tsarin ba da maki da aka kawo a 2004 a madadin na 6.0 ya ware maki na musamman don tsara wasa da bayyana shi. Matasa da yawa masu yin haka ba su taɓa ganin Cranston a fili ba, amma hanyar da shi da John Curry suka share suke bi. A bangon gidaje kuwa, a Kanada da Amurka da Meksiko, sarauniyoyinsa masu manyan idanu suna rataye, kuma lokaci-lokaci sukan fito a gidajen gwanjo su sauya hannu. Alƙalan ƙanƙara sun gama nasu hukunci a Innsbruck tun 1976, suka ba shi na uku. Na zane kuwa ba su da ranar rufe littafi, domin ƙyallen yana nan, duk wanda ya zo daga baya yana iya tsayawa a gabansa ya duba da idonsa.